Kunnen Mai Guduma

Bututun ruwan da ya fashe a ƙarƙashin titin kasuwa ranar Litinin, ya cika shaguna da laka, yana ɗauke da zanen farin fenti, alamar lamba ɗaya. Mutum ɗaya ne ke yin wannan zanen a masana'antar zubin ƙarfe, wanda ma'aikata ke kira Mai Guduma.

Aikinsa saurare ne. A rataye bututu, ya ƙwanƙwasa. In amon ya yi tsawo kamar ƙararrawa, lamba ɗaya ke nan, na ruwan sha. In ya gajarce, lamba biyu, na magudana. In ya mutu nan take, akwai tsaga ko iska a ciki, sai a sake narkawa. Tun bara amon ya fara ɓace masa. Yanzu girgizar ƙotar guduma a tafin hannunsa yake bi, sauran kuma canka ce.

Mai masana'antar yayan matarsa ne, gidan da suke ciki ma nasa ne. Ya kira shi ofis, ya dangwarar da ɓarin bututun a kan tebur. Bakin karayar duk ramuka kamar soso.

"Malam, kunnenka ba ya ƙarya," in ji shi. "Mai zubin nan ne ya shafa fentinka a kan kayan da ka ƙi. Na dakatar da shi. Ko ba haka aka yi ba?"

Leɓensa Mai Guduma yake kallo, don ta nan yake gane magana yanzu.

"Sai an bincika, Yaya."

A gida matarsa ta tsaya daidai gabansa kafin ta buɗe baki.

"Ni za ka ɓoye wa, Baban yara? Rediyonka har maƙwabta sun daina kunna nasu."

"In na faɗa, ki fara ɗaure kaya. Ina za mu?"

"In ka yi shiru fa? Matar mai zubi ta zo ɗazu da goyonta. Ko ruwa ta ƙi sha."

Ba ta san ko ya ji ba.

Da safe ya tarar da mai zubi a bakin ƙofa, an hana shi shiga. Suka gaisa, kowa ya kau da kai. A ciki an rataye sababbin bututai a jere, na sabuwar unguwa da ake haƙa wa layin ruwa. Ya ɗaga guduma ya buga na farko. Ƙotar ta girgiza kaɗan. Masu lodi suka zuba wa fuskarsa ido.

Direban babbar motar da ta zo ɗaukar bututan bai kashe inji ba, lamba kawai yake jira.