Baƙuwa Daga Bakin Iyaka

Mijina Garba ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti da ke gefen Maigatari, can bakin iyakar Nijar. A takarda ke nan. A zahiri kuwa, kullum yana nan Kano, a Gyadi-Gyadi, bakin shagon Ɗan'azumi tela, yana ba mutane labarin Maigatari. Ya ce rairayi har idon sawu, zafin bazara sai ka ce an buɗe tanda, ranar Alhamis raƙuma da shanu su cika kasuwa, manomi ya yi shuka a Najeriya ya sha fura a Nijar. Bakinsa ya fi ƙafarsa zuwa can. Na yi magana har na gaji, daga baya ni ma na koyi yin shiru.

Wata Talata maƙwabciyata Chinwe, wadda take aikin jinya, ta shigo da wata dattijuwa.

"Rabi, wannan Inna Basira ce. 'Yarta tana kwance a wajenmu, ba ta san kowa a Kano ba. Na ji ta ce Maigatari, na ce ai ga mutanensu."

Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa. Har na buɗe baki zan yi alfahari da maigida, Allah ya sa na fara tambayar jikin mai jiki.

"Naƙuda ce, 'yar nan," in ji ta. "Muka je asibitin unguwarmu, a garƙame, awaki ne kwance a barandar. An ce an turo mana ma'aikaci, mu dai ba mu taɓa ganin idonsa ba. Da can tsallakawa muke Nijar, sun fi kusa, to wannan karon ruwa ya cinye hanya. Kafin a samu mota jaririn ya koma. Uwar ce muke roƙon Allah ya bar mana."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kasa kallon Chinwe, don na ga ta gane, ta sunkuyar da kai tana wasa da makullinta.

Ana haka Garba ya yi sallama, da ledar tsire a hannu. Inna Basira ta gyara mayafi ta gaishe shi da ladabi, ta maimaita masa labarin tun daga farko. Yana tsaye, ko zama bai iya yi ba.

Sai ta ɗaga hannu biyu sama. "Alhaji, ku taya ni. Wanda aka ba amanar asibitin nan ya watsar, Allah ya saka mana."

Ta tsaya tana jiran mu amsa, hannunta a sama.

"Amin," in ji Garba.