Farin Dutse a Buhun Yuriya

Sai da Dakta Liatu ta karanta takardun sau biyu kafin ta ɗago kai. Farfesa Jibril, shugaban sashen nazarin ƙasar noma, bai dube ta ba. Yana ta juya makullin motarsa a kan tebur.

"Ta farkon ta tuhuma ce," in ji shi. "Ta biyun ni na rubuta miki. Ki sa hannu kawai, magana ta mutu."

Takardar farko ta ce ta yi hira da gidan rediyo ranar Asabar ba da izinin hukumar jami'a ba. Ta biyun layi huɗu ce: wai binciken da ta yi a kan takin yuriya mai tambarin kan rago bai kammala ba, don haka ta janye abin da ta faɗa.

"Malam, buhu goma sha takwas na gwada, daga Funtua da Malumfashi da Kafur. Sha ɗaya rabinsu niƙaƙƙen farin dutse ne. Kai da kanka ka duba sakamakon."

"Ban ce kin yi kuskure ba." Ya ajiye makullin. "Kin san mai kamfanin takin, kin kuma san kujerar da yake zama a majalisar gudanarwar jami'a. Ki rubuta da Turanci, a buga a mujallar waje, ba mai hana ki."

"Manoma ba sa karanta mujalla, Malam."

Shi ya koyar da ita tun tana aji biyu, shi ya tsaya mata har aka ɗauke ta aiki. Yanzu ga shi yana magana ƙasa-ƙasa kamar akwai wani a bayan ƙofa. Ya ce kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Litinin. Kafin nan, in ta sake buɗe baki a kan takin nan a bainar jama'a, dakatarwa ce ba albashi.

Ta koma ofishinta, zama ya gagara. Ta buɗe takardun jarrabawar ɗalibai, ta rufe. Ta leƙa taga, ta dawo. Mijinta malamin firamare ne, kuma kowa a gidan ya san albashin wa ke riƙe da karatun yara uku. Mahadi, ɗan jaridar da ya yi hirar da ita, ya kira sau uku, ba ta ɗauka ba. Ta je wajen sakataren ƙungiyar malamai, ya ce lallai an tauye mata haƙƙi, ta rubuto koke, za su duba shi a taron mako mai zuwa.

Wajen sha ɗaya ta kira Kawu Paul, ƙanin mahaifiyarta da ya riƙe ta a Gozaki bayan rasuwar iyayenta. Matarsa ce ta ɗauka.

"Ai ya tafi Malumfashi tun ɗazu," in ji Inna Phoebe. "An yi ruwa jiya, masara ta kai gwiwa, sai taki na biyu. Awaki uku ya sayar."

"Inna, wane taki zai saya? Ba na gaya masa ba?"

"Mai kan ragon nan mai sauƙi mana. Ba an faɗa a rediyo da safe ba? Jami'arku ta ce takin lafiya lau, kuskuren na'ura ne. Har kawunki ya ce Allah ya sa ba a yi miki faɗa ba."

Liatu ta tsaya riƙe da wayar. Ashe ba su ma jira sa hannunta ba.

Ba ta nemi izinin fita ba. A tasha ta samu motar Malumfashi saura mutum ɗaya. Suna tafiya tana kallon gonaki ta taga. Wasu sun yi baƙi ƙirin don ƙoshi, wasu kuwa ganyen ƙasan masarar ya fara zama ruwan ɗorawa, ita kuma ta san rashin taki na gaskiya ke jawo hakan. A kujerar baya wasu fasinjoji biyu na gardama.

"Wata malama ce ta so yin suna," in ji ɗaya. "Ga shi manyanta sun ƙaryata ta."

"To ni dai na zuba buhu biyu, ban ga komai ba," in ji ɗayan.

Ta tuna da maganar dakatarwa, ta mai da fuskarta taga. Direba ya tsaya shan mai, ya tsaya ɗaukar kaya, ya tsaya gaisawa da wani. Ita kuwa tana ta kiran Inna ta ji ko Kawu ya dawo.

A layin masu taki ta same shi, ƙofar shagon Alhaji Abdulmutallib, wani dattijon ɗan kasuwa. An riga an ɗaure masa buhu biyu a babur, ana ɗauko na uku.

"Liatu! Lafiya? Yau ba aiki?"

"Kawu, ina wuni. A sauke buhun nan tukuna."

"A sauke?" Alhaji ya miƙe daga benci. "Malama, mun gama ciniki. Kayana daga hannun dila na ɗauko, ga ɗinkin kamfani nan ba a taɓa ba."

Ta roƙi Kawu ya ɗan huda bakin buhu ɗaya. Ta fito da gorar ruwanta daga jaka, ta ɗibi takin tafin hannu guda ta zuba a ciki, ta rufe, ta girgiza. Manoman da ke jiran layi suka fara matsowa. Kowannensu ya san yuriya ta gaskiya narkewa take ƙarƙaf, kamar sukari a shayi. Ta ƙara girgizawa, sannan ta ɗaga gorar sama. Farar tsakuwa ta kwanta a gindinta, kaurin yatsa biyu.

Kawu Paul ya karɓi gorar ya girgiza da ƙarfinsa, ya sake dubawa. Tsakuwar na nan.

"Buhu ɗari da ashirin ne a cikin shagon nan," in ji Alhaji, muryarsa ta dushe. "Na sayar wa maƙwabtana. Na zuba a gonata." Ya juyo gare ta. "Ke wace ce, Malama? In na koma wa dila, in ce wa ya faɗa?"

Sai a lokacin ta lura da wayoyin. Mutum uku ko huɗu sun ɗaga nasu suna ɗaukar bidiyo. Kafin la'asar zai kai Funtua, kafin gobe yana ofishin shugaban jami'a. Kawu ya taɓa hannunta.

"Liatu, mu tafi. Na gani, ya isa."

Ta fuskanci wayar da ta fi kusa. Ta faɗi sunanta, da sashenta, da sunan jami'ar. Ta ce ita ce wadda aka ji a rediyo ranar Asabar, kuma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Alhaji Abdulmutallib ya daɗe yana kallon gorar. Sannan ya shiga shago ya fito da bokiti da butar alwalarsa. Ya ajiye su a gabanta, ya jawo wani buhun da kansa.

"To, Dakta," in ji shi. "Gwada mini wannan ma."