Sai Kin Ce Oppa

Do-hyeon ya iso gidan makoki a birnin Daegu na ƙasar Koriya cikin baƙar kwat, gemunsa a gyare. Abu ɗaya ya kawo shi: ya ga fuskar mahaifinsa kafin a rufe akwatin gawa. Tun da ya ajiye sunan mace da aka raɗa masa, Mi-ran, ya ce shi namiji ne, tsohon bai ƙara ɗaga wayarsa ba.

A ƙofar ɗakin da ake shirya gawar ya tarar da wansa, Farfesa Tae-sik, ya tokare hanya. Wannan mutum kullum yana talabijin yana cika baki kan 'yancin tunani, wai kowa a bar shi da ra'ayinsa. A gida kuwa ko tari za ka yi sai ka nemi izininsa.

"Hyung," in ji Do-hyeon, yadda ƙane namiji yake kiran wansa. "Matsa in shiga."

"Da wa kike? Ni ƙanwa gare ni, ƙanwa kuma oppa take cewa."

Gwaggonsu ta leƙo, ta ƙare masa kallo sama da ƙasa. "Au, Mi-ran ce? Gemun nan saye kika yi ko aro?"

Do-hyeon ya nemi idon mahaifiyarsa. Tana zaune a benci, ta ƙura wa takalmanta ido.

"Hyung, ba kai ne kake koya wa ɗalibai cewa mutum shi yake zaɓar wa kansa ko wane ne shi ba?"

"Wancan aji ne, nan gidan Baba ne. Ba na hana ki komai, ra'ayinki ne. Ki ce oppa ki shiga, ko ki riƙe gemunki ki koma Seoul."

Daga ciki ana jin motsin masu naɗe likkafani. Do-hyeon ya rasa aiki saboda ya ce shi namiji ne, ya rasa abokai, bai taɓa janye maganar ba.

"Oppa," ya ce, can ƙasa.

"Ban ji ba."

"Oppa."

Muryarsa ta fito da kauri, wasu 'yan uwa suka toshe baki suna dariya. Tae-sik ya sa ya maimaita har sai da na bayan layi suka ji, sannan ya matsa gefe yana murmushi.

Do-hyeon ya shiga da sauri. An riga an rufe fuskar da farin ƙyalle, an ɗaure. Mai shirya gawar ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Farfesa ya ce babu sauran wanda ake jira."