Gidan da Ba a Shan Taba

Likita ya juya hannun matar, ya danna bayansa da yatsa, sannan ya dubi mijin.

"Waye yake shan taba a gidanku?"

Mijin, wani mai gyaran firij, ya ce babu kowa. Gaskiya ya faɗa. Tun kafin a yi wa matarsa aiki ya daina, ya koma tauna cingam ɗin da kemis ke sayar wa masu son rabuwa da sigari.

Matar, wadda yake kira Gimbiya, zobba da awarwaro take sayarwa ta waya, kuma a hannunta take nuna su. Da jijiyoyi suka fito mata, masu saye suka fara tambaya ko hannun kakarta ne. Shi ya sa aka zuƙo kitse daga cikinta aka zuba a bayan hannuwan. Tun a lokacin likita ya ja musu kunne: kitsen nan kamar dashe ne, sai jini ya kai masa zai kama, nikotin na taba kuwa tsuke hanyar jini yake yi, kitsen ya mutu ya narke.

Yanzu ga hannun hagu ya fara lotsawa, gwajin fitsari kuma ya nuna nikotin.

"Wannan ba na wanda ya shaƙi hayaƙin wani ba ne," in ji likita. "Na wanda abin ke shiga jikinsa kullum ne."

A hanyar gida motarsu ta tsaya a danja.

"Ka daina kallona haka," Gimbiya ta ce.

"Ni hanya nake kallo."

Amma kansa ya ɗaure. Matar da aka hana riƙe ko cokali, ta yaya za ta kunna ashana? Wa zai sayo mata? Ko tun da can tana sha, shi ne bai sani ba? Da suka isa gida ya bi ɗakuna kamar mai neman inda gas ke yoyo. Ya shinshina labule, ya leƙa bayan taga, ya zazzage kwandon shara na banɗaki. Ko guntun toka bai gani ba.

Gwaggon Gimbiya, wadda ta zo jinya, tana zaune a falo tana kallonsa, bakinta yana motsi.

"Bincike kake, ɗan nan? Ai ɓarawo ya fi kowa iya cigiya. Mai hali ba ya fasa halinsa."

"Wallahi Gwaggo na daina. Ga rigata, ki shinshina."

"Ni zan shinshina rigar suruki? Allah ya sawwaƙe."

Ransa ya ɓaci, sai ƙwaɗayin taba ya taso masa. Ya shiga kicin ya jawo durowar da yake ajiye cingam. Kwalin da ya sayo bai daɗe ba ya kusa ƙarewa. Ya tsaya yana juya shi. Shi dai ya san bai tauna haka ba, ko kuwa ya tauna ne ya manta?

Daga ɗaki ya jiyo shaƙuwar Gimbiya, wadda ta addabe ta tun bayan aikin.

"Ta dawo ko?" Muryar Gwaggo ce. "Ɗacin maganin nan ne. Buɗe baki, 'yar nan."

Ya iso bakin ƙofa Gwaggo tana ɓare ƙwaya ɗaya daga cikin jakarta.

"Gwaggo, tsaya! A ina kika samo wannan?"

"A durowa mana. Yanzu cingam ma rowarsa za ka yi? Safe da yamma nake ba ta, yana wanke baki. Yaji gare shi kaɗan, amma ni har kasala yake kore min."

Sai ya kira likita ya sa wayar a tsakiyarsu. Likita ya saurara, ya ce akwai nikotin a cingam ɗin, a daina nan take. Kitsen da ya kama ya kama. Na hagu kuma sai kumburi ya sauka za a sani, in bai ciko ba a sake aiki.

Gwaggo ta tofar da na bakinta a tafin hannu, ta ƙura masa ido.

"Wato taba nake ci? Ni?"

Gimbiya ta ɗora hannuwanta biyu a kan filo tana gwada su, na dama a cike, na hagu da ɗan kwari kusa da babban yatsa.

"A mota," ta ce, ba ta ɗago ba, "ka zaci ni ce nake sha."

Mai gyaran firij ya dubi kwalin da ke hannunsa. Ya kai shi kwandon shara, ya dawo ya zauna a bakin gado ta gefen hannun hagu.