Ranar da Motar Baƙi Ta Ƙi Tashi

Ranar Talata ce, kuma tun da sassafe zafi ya sauko, babu iskar da za ta kaɗa ko ganye. Auta yana tsugune a farfajiyar Ma'aikatar Harkokin Waje yana goge tayoyin farar bas, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ita kaɗai ce bas ɗin ma'aikatar mai na'urar sanyi, don haka ita ake fitarwa in an yi baƙi daga waje, shi kuma yake jan ta.

Jami'in tarbar baƙi ya fito riƙe da kwat a hannu. Agogo direbobi ke kiransa a bayan idonsa, saboda ba ya gama magana bai duba tsintsiyar hannunsa ba.

"Auta, tutar nan ta karkace."

"Yanzu zan gyara, Yallaɓai."

"Buɗe kunnenka. Mutanen nan sun zo duba yadda muke riƙe da 'yan ƙasa ne. In sun gamsu, da la'asar a sa hannu a yarjejeniya, su buɗe mana kasuwarsu. In ba su gamsu ba, ni da kai da minista kowa ya nemi wata sana'a. Ƙasar nan in ka ɗora yatsa a taswira ka rufe ta, ba mu da ƙarfin faɗa da kowa. Saboda haka ba surutu, ba rediyo, ba tsayawa a hanya."

"In sun tambaye ni wani abu fa?"

"Da wane yare za ka amsa? Akwai tafinta."

"Yallaɓai, wannan ai ko da yaren uwarsa ba ya magana," in ji wani direba daga ƙarƙashin inuwa. Aka yi dariya. Auta ya miƙe ya gyara tutar.

Yayan Auta malamin makaranta ne. Tun kafin damina aka ɗauke shi, bayan ya miƙe a taron malamai ya tambayi inda aka kai ɗalibansa da aka kama wurin zanga-zanga. Ba a kai shi kotu ba. Gwamnati ta ce ba ya hannunta. Amma akwai wani gandiroba da ke karɓar abin shaƙar asmarsa daga hannun matarsa, ya kuma dawo mata da kwankon da ya ƙare. Da haka gidan suka san yana babban gidan yari, kuma yana numfashi.

Da safiyar nan, kafin Auta ya fito, Inna ta tare shi a bakin ƙofa da mayafinta a kafaɗa.

"An ce har gidan yarin za ka kai su."

"Haka aka tsara, Inna."

"Mu ma can za mu, ni da matar yayanka da sauran matan da aka kama musu nasu. In baƙin nan suka ji sunansa da kunnensu, ba wanda zai sake cewa babu shi."

"'Yan sanda ba za su bar ku ku matso ba. A gidan mai za su tsare ku."

"To kai mene ne amfaninka? Ɗan'uwanka ne fa, ciki ɗaya."

Amma Auta ya san abin da ita ba ta sani ba. Ya daɗe yana jan baƙi. Kullum kafin baƙi su bar wuri, motar 'yan sandan da ke tare hanya takan riga su tashi, ta je ta rufe titin gaba. In bas ta makara, bayanta a buɗe yake. Ya ce wa Inna su zauna a gidan man, kada su yi gardama da kowa, in sun ga 'yan sanda sun tafi su taho.

Ya ɗauki baƙin a otal. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai farin gashi da takalmin roba irin na masu gudu. Da za ta shiga ta ce masa "Sannu" da harshensa, ya ce "Yauwa," ya rufe ƙofa. Motar jiniya ta shige gaba. An shafe gefen titi da farin fenti, an kori masu talla, har ramin da ya shekara yana cin tayoyi an cike shi. Tafinta yana tsaye riƙe da ƙarfe yana nuna musu gine-gine. Da suka wuce gidan mai Auta ya hango mata a zaune a ƙasa, 'yan sanda sun yi musu zobe. Bai rage gudu ba.

Gidan yarin ma warin fenti yake yi. Shugaban gidan ya tarbi baƙi a bakin ƙofa da sababbin kaki. Ta cikin ƙofar Auta ya hango fursunoni cikin riguna masu tsabta suna buga ƙwallo a rana. Ya ajiye bas a gefen katanga, kusa da wani fili inda baƙin mai ya ɓata ƙasa, alamar wata babbar mota ce ke kwana a wurin. Wani gandiroba ya leƙo yana neman ya sha sanyin mota.

"Yau mun huta," in ji shi. "An yi mana shara tun da hantsi."

"Na ga alama," in ji Auta, yana kallon fentin.

Da gandiroban ya tafi, sai ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe ɗan akwatin fiyus, ya zare ɗaya, ya tura shi cikin safarsa. Ya rufe akwatin.

Baƙi ba su daɗe ba. Motar 'yan sanda ta tashi ta yi gaba kamar yadda ta saba. Aka shiga bas, Agogo ya duba agogo ya ɗaga masa hannu. Auta ya murɗa makulli. Injin ya yi gurnani ya yi shiru. Ya sake murɗawa.

"Mene ne haka?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Lafiya lau muka zo."

"Auta, kada ka kashe ni da raina."

Auta ya sauka ya buɗe injin, ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Aka tura, ba ta tashi ba. Aka ce a kawo wata bas, aka ce waccan tana gareji, giyarta ta lalace. Mai tsaron baƙin ya ce dokarsu ba ta yarda a rarraba su cikin ƙananan motoci ba. Aka aika a kira makanike, aka mayar da baƙi rumfar ofis, aka kawo musu fanka da ruwan sanyi.

Can sai ga matan. A ƙasa suka tako cikin ranar nan, Inna a baya-baya, matar Yaya na riƙe da hannunta, ƙafar Inna ɗaya babu takalmi. Kafin gandirobobi su ankara, dattijuwar ta gan su. Ta miƙe ta ce a bar su. A gaban baƙi ba wanda ya iya ɗaga sanda.

Suka yi layi, kowace da hoto a hannu. Dattijuwar ta sa aka ba su kujeru, tana sauraronsu ɗaya bayan ɗaya. Shugaban gidan yari ya kasa zama. Ya shiga ofis ya fito, rediyon hannunsa na ta ƙara, yana kai shi kunne yana cewa, "Ku jira, na ce ku jira." Rigarsa ta jiƙe har baya. Ya ja Agogo gefe, kusa da inda Auta ke kwance a ƙarƙashin mota.

"Don girman Allah ku kwashe mutanen nan ku tafi."

"A kaina zan ɗauke su?"

"Ba ka gane ba. Rana ta yi yawa."

Auta ya ji su. Ya ɗauka tsoron matan ne ya kama mutumin, har wani ɗan daɗi ya ratsa shi. Ya leƙa ta tsakanin tayoyi. Akwai sauran mata da yawa a gaban Inna, don ita ce ta ƙarshe. Ya gyara kwanciya ya ci gaba da ƙwanƙwasa ƙarfe da sifana.

Rana ta karkata kafin layi ya zo kan Inna. Ta miƙa hoton Yaya, wanda ya ɗauka ranar da ya gama kwalejin malamai, da taye da murmushi. Ta faɗi sunansa, ta sake faɗa. Dattijuwar ta riƙe hannunta ta yi magana a hankali.

"Ta ce sun shiga kowane ɗaki ba su ga mai wannan kama ba," in ji tafinta. "Amma za ta tafi da hoton, za ta tambayi minista da bakinta."

Inna ta ce, "Ka ce mata yana da asma. Ka ce mata ba ya jure zafi."

Tafinta ya faɗa mata. Ta gyaɗa kai, ta sa hoton a jaka.

Auta ya fito daga ƙarƙashin mota, ya shiga gaba, ya sunkuya ya mayar da fiyus ɗin. Da ya murɗa makulli ta tashi nan take. Baƙi suka tafa masa. Makanike bai ma iso ba.

A otal aka sa hannu da la'asar. Daga wurin ajiye motoci Auta ya jiyo tafi. Agogo ya fito ya kwance taye, ya dafa kafaɗarsa.

"Ka kusa kashe ni, amma abin ya zama alheri. Sun ce ƙasar da ke barin mata su yi kuka a gaban baƙi ba ta da abin ɓoyewa. Je ka ajiye mota."

A garejin gwamnati ya tarar da Gajere, direban babbar motar gidan yari, wadda bayanta akwatin ƙarfe ne babu taga sai 'yan huji a sama. Ya buɗe ƙofofin bayan yana fesa ruwa ciki da tiyo. Ruwan da ke gangarowa ba shi da kyan gani.

"Kai ne mai motar baƙi?" in ji Gajere, bai ko juyo ba. "Allah ya isa tsakanina da motarka."

"Me ta yi maka?"

"Ba ka san aikin ba? Duk sanda baƙi za su zo, waɗanda ba a so a gani ni ake loda wa. In kai su bayan tsohon sito in tsaya, baƙi su tafi, a kira ni in dawo da su. Ba a daɗewa. Yau aka ce mota ta mutu."

Auta ya tsaya riƙe da makullin bas.

"Wurin nan ko bishiya babu. Ƙarfen nan in ka taɓa sai ya ɗauke maka fata. Suka fara bugun jikin motar. Na kira, aka ce in jira. Na sake kira, aka ce in jira. Makullin bayan yana aljihun shugaba, ni ko da me zan buɗe? Na nemo ruwa a bokiti ina watsa wa rufin. Can sai bugun ya ragu."

"Sun mutu?"

"Uku. Wani tsoho, da wani ɗalibi, da malamin nan mai asma. Tun farko sauran suke ta ihu a kawo abin shaƙarsa. An kwashe kayansu an kulle a sito saboda baƙi." Ya karkata tiyon zuwa lungu. "Ka san shi ne?"

Auta ya dubi ruwan yana bi ta ƙarƙashin takalminsa zuwa kwata. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa. Babu abin da ya zo.

"Ina aka kai su?"

"Wa zai gaya mini? Ni dai an ce in wanke mota. Wai me ya same ta ne, taka?"

"Fiyus," in ji Auta.

"Fiyus kawai?"

"Fiyus kawai."

Ya rataye makulli a inda ake ratayewa. Ya hau motar haya, ya biya, ya sauka a layinsu, ya gaisa da mai shago kamar kullum. Rana ba ta gama faɗuwa ba, har yanzu bango na fitar da zafi.

A tsakar gida Inna na zaune ta tsoma ƙafarta a roba da ruwan gishiri. Matar Yaya na wanke rigunan mijinta, waɗanda ba ta taɓa ba tun da aka ɗauke shi. Rediyo na kan taga, ana cewa baƙi sun yaba da abin da suka gani.

"Ga ɗan albarka," in ji Inna. "Ashe shirun nan naka ba na banza ba ne. Ta riƙe hannuna fa, Auta. Da hannunta ta sa hoton a jaka."

"Na gani, Inna."

"Ƙanena, a ganinka za su sake shi kafin ƙarshen wata?" in ji matar Yaya. "Na ce bari in wanke, kada ya dawo ya tarar suna warin akwati."

"A zuba maka abinci?" in ji Inna.

"A zuba."

Ya zauna a bakin ƙofa ya cire takalmi. Gefen fiyus ɗin ya bar masa ɗan shaida a idon sawu, ya sa yatsa yana shafawa. Aka ajiye masa kwano a gaba. Matar Yaya ta matse farar riga ta shanya a igiya, ta ɗauko ta gaba.

Abin da aka rasa a ranar: mutum uku, takalmin Inna ƙafa ɗaya, da hoton Yaya, wanda shi kaɗai ne mai kyau a gidan, ya bi baƙi cikin jirgi. Motar ba abin da ya same ta.