Hayaƙin Gidana Ya Iya Magana

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai ga ni a wani gari inda ruwan sama ke tsirowa daga ƙasa ya yi sama, mutane suna taka lema maimakon su riƙe ta. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne gidana ya biyo ni can, har da madafarmu mai baƙin rufi, da matata Uwani a ciki tana tarin nan nata, idanunta jajur saboda hayaƙi.

Sai wani bunsuru ya yi sallama, sanye da kwat, da bututun langa-langa a kafaɗa. Ya ce daga Ofishin Tausaya wa Mata yake, an turo shi ya gina mana murhun zamani a gurbin tsohon.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hatsin fa? Yana tafe a baya?"

Ya ce, "Wannan na wani ofishi ne. Su kuma sun cinye shi a taron da suka yi kan yunwa."

Duwatsun murhunmu uku suka ƙi tashi. Babbansu ya ce tun zamanin kakata suke nan, sun ga tukunya cike, sun gan ta wayam, ba su taɓa kai zancen waje ba. Bunsuru ya tunkuye su ɗaya bayan ɗaya. Ya kwaɓa laka, ya gina murhu mai baki biyu, ya huda rufi ya zura bututun, ya liƙe gefensa. Bututun ya yi ta ƙara tsawo shi kaɗai, har ya wuce katanga, ya wuce darbejiyar ƙofar gida. Aka ce Uwani ta yi murmushi za a ɗauki hoto. Ta yi tari, aka sake.

Sai kuma ga ni a dandali. Unguwa duk ta shimfiɗa tabarmi, kowa ya ɗaga kai sama, domin a garin nan hayaƙi magana yake yi. Na gidan maƙwabcina Alhaji Mati ya fito da tumbi, cikin babbar riga, ya ce, "Shinkafa da miyar kaji, har da ƙari!" Aka tafa masa.

Na san abin da ke tukunyarmu. Ranar da babu, Uwani takan ɗora ruwa, ta jefa ɓawon albasa a wuta, maƙwabta su ji ƙamshi su ce gidan Malam Iro an ɗora sanwa. Da haka muke rufa wa kanmu asiri.

Hayaƙina ya fito siriri, ya gyara murya.

"Ruwa ne zalla! Da ɓawon albasa! Jiya ma haka!"

Na haye rufi da gudu na cusa hulata a bakin bututun. Hayaƙin ya fito ta gefe sanye da ita.

Na ce, "Haba ɗan'uwa, duk zaman da muka yi tare?"

Ya ce, "A da, a ƙirjin matarka nake kwana, shi ya sa nake kama bakina. Yanzu an kore ni, in yi shiru a kan me?"

Alhaji Mati ya ce "Allah sarki" da ƙarfi yadda na bayan layi ma za su ji, sannan ya aiko mini da nasiha a cikin kwano mai murfi. Wallahi na ji kunya kamar in nutse.

Sai ga ni a madafa. Uwani na zaune a gaban sabon murhu tana numfashi ba sarƙewa, idanunta fari tas kamar ranar da aka kawo ta. Na manta rabon da in gan su haka. Na ce mata zan cire bututun nan yanzu-yanzu.

Ta ce, "To, Malam. Hayaƙi dai sai ya sami wurin kwana. Ko bakin mutane, ko ƙirjina. Ka zaɓa."

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ji ƙarar langa-langa ana jan ta a ƙasa. Na farka. Barau magini ne a zaure da bututun da muka yi da shi zai kawo, daga madafa kuma ina jiyo tarin Uwani.

Ya ɗaga murya, "Malam Iro, in yanke shi ƙasa da katanga kamar yadda ka ce? Na faɗa maka fa, gajere ba ya jan hayaƙi."

Na ce, "Bar shi da tsawonsa."