Igiya Ɗaya Ake Ja

Saje na kwance rigingine a kan simintin rumfar jirage, ɗamarar laima a jikinsa, ɗalibai biyu na jan sa da igiya, shi kuwa yana bayani yana haki. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan birgimar tun da ya tuɓe kakin sojan laima, kuma karatun bai taɓa canzawa ba. In ƙafarka ta taɓa ƙasa ana iska, laimar da ta sauko da kai lafiya ita za ta fara neman ranka. Ka saki igiyar tuƙi ɗaya, ka kama ɗayar da hannu bibbiyu, ka yi ta jawo ta kamar mai jan guga har laimar ta karkace ta zube. Igiya ɗaya, ba biyu ba.

Bayan shi kowane ɗalibi sai ya kwanta an ja shi ya gwada, sannan Saje ya sa masa hannu a fom. Wannan sa hannun shaida ce cewa malami ya gani da idonsa. In aka gano ƙarya ce, sai hukuma ta karɓe takardar izinin koyarwarsa, kuma ba a mayarwa. Mutum biyar suka kwanta suka tashi. Na shida yana bakin ƙofa yana waya.

Shi ne Darakta, ƙanin matar Saje. Ya zo cikin sabuwar rigar tsalle fara fat, an ɗinka muƙaminsa a ƙirji don kada tsuntsaye su kasa gane shi. Direbansa na riƙe masa da hular kwano, mai ɗaukar hoton ofishinsu na biye da shi kamar jela. Sau bakwai ya taɓa tsalle a wani filin, duk a ranakun da ko ganye ba ya motsi, amma in ka ji yana ba da labari sai ka rantse shi ya ƙirƙiro sararin sama. Saje kuwa ya san shi tun yana fitsarin kwance a gidansu, yayarsa na shanya katifa a bayan ɗaki don kada maƙwabta su gani. Tun lokacin bai ga abin da ya ƙaru a jikin yaron ba in ban da tumbi.

Da Saje ya nuna masa siminti, sai ya janye wayar daga kunne ya yi murmushin nan nasa na manya.

"Haba Saje. Ni zan kwanta a ƙasa a ja ni a gaban ma'aikatana? Sa hannu kawai mu wuce wurin."

Saje ya ce ba ya sa hannu a kan abin da bai gani ba. Sai ga mai filin ya ja shi gefe yana raɗa masa cewa Darakta ya yi alkawarin kawo ma'aikatan kamfaninsa gaba ɗaya, ya taimaka kada ya zubar musu da miya. Da ma tun da safe matar Saje ta tsare shi a bakin ƙofa ta ce ta san halinsa, don Allah kada ya kunyata mata ƙani a bainar jama'a. Saje ya leƙa waje ya dubi jan buhun da ke kan sanda yana nuna ƙarfin iska. Yana lilo ne a hankali. Ya ja tsaki, ya sa hannu, ya miƙa fom ɗin ba tare da ya dubi fuskar kowa ba.

Kafin jirgi ya kai sama, buhun nan ya miƙe sambal.

Saje ya tsaya a tsakiyar ciyawa da oba-oba a hannu, rediyon da ke kai muryarsa kunnen ɗalibai, yana yi musu jagora ɗaya bayan ɗaya. Biyar suka sauko, kowa ya ja igiyarsa, laima ta zube, ya taka ta ya tattare. Darakta ne na ƙarshe. Ya sauka can nesa, bayan tankar man jirgi, inda ba a hango mutum daga rumfa. A faɗi gaskiya ko da ta maƙiyi ce, saukar ta yi kyau, a kan ƙafafunsa ya dira. Sai ya saki igiyoyin duka biyu, ya ɗaga hannuwa sama, ya juyo yana neman kyamara.

Iska ta cika laimar a bayansa, ta fizge shi ya faɗi ta ƙeya. Nan take ta fara jan sa a kan ciyawa, ta nufi shingen waya mai ƙaya da ke ƙarshen fili.

"Igiya ɗaya!" in ji Saje a oba-oba, yana gudu. "Saki ɗaya, ja ɗaya!"

Darakta ya laluba ya kamo duka biyun ya ja su rabi, laimar ta ƙara shan iska ta ƙara wuta. Da ya ga haka sai ya sake su ya koma cafkar ciyawa, yana tuge ta dam-dam yana kiran sunan yayarsa. Mai hoto ya yar da kyamara, shi da direba suka bi ubangidansu a guje. Direba ya yi sufa ya kama ƙafa, aka bar shi zaune da takalmi ɗaya a hannu yana kallonsa. Haka marasa sani suke yi, mutum suke bi, alhali laima ake kamawa.

Saje bai bi ta kan mutumin ba. Ya yanke ta gefe da gurguwar gwiwarsa, ya sha gaban laimar, ya damƙi igiyoyin gefe ɗaya ya naɗe a hannu ya zube da nauyinsa. Igiya ta ci tafin hannunsa har nama. Laimar ta karkace, ta yi numfashi ɗaya ta kwanta. Tsakaninsu da wayar bai fi taku shida ba. Darakta na kwance yana nishi, farar rigar ta koma kore da ja, ciyawa cike da bakinsa. Saje ya dube shi, bai ji tausayi ko na anini ba. Haushi ya ji, da raini.

A asibiti aka mayar da kafaɗar da ta goce, aka wanke ƙujewar baya. Kafin la'asar bakin Darakta ya dawo daidai. Matar Saje na zaune a gefen gado tana yi masa fifita da kwalin magani, mai filin na tsaye, direba da mai hoto sun jingina da bango. Shi kuwa yana ba su labarin yadda ya natsu, ya lissafa nisan shingen, ya zaɓi igiya ɗaya ya ja har ya kashe laimar. A bakin Saje ya tsinci kalmomin ta oba-oba, yanzu sun zama nasa. Direba na gyaɗa kai kamar ƙadangare. Mai hoto ya ce ai shi bai taɓa ganin jarumta irin wannan ba, abin baƙin ciki kyamara ta faɗi.

Saje na bakin ƙofa, hannunsa naɗe da hankici a cikin aljihu. Har ya buɗe baki zai yi magana, sai ga jami'ar binciken haɗurra ta shigo da fayil. Mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana, kuma ta san Saje shekara da shekaru. Ta gaida mara lafiya, ta saurari labarinsa har ƙarshe, sannan ta zaro fom ɗin safe ta juyo.

"Saje, wannan sa hannunka ne. Wa ya kashe laimar?"

Lissafin bai yi masa wuya ba. In ya ce shi ne, za ta tambayi dalilin da ɗalibin da aka gwada da safe ya kasa jan igiya ɗaya har faɗin fili. Daga nan za ta nemi sauran biyar ɗin, su kuwa ba su da dalilin yin ƙarya. In kuwa Darakta ne, to ɗalibi ya yi abin da aka koya masa, iska ce ta yi yawa, a rufe fayil. Shekararsa hamsin da takwas, kuma ban da laima bai iya komai ba. Ya dubi Darakta, wanda ya kafe shi da ido yana murmushi. Ashe shashashan ya riga shi yin wannan lissafin.

"Shi ya kashe ta," in ji Saje. "Kamar yadda na koya masa."

Jami'ar ta dubi fuskarsa, ta dubi aljihun da ya ɓoye hannu. Sannan ta rubuta layi biyu, ta rufe fayil, ta fita ba ta yi masa sallama ba. Duk rainin da ya wuni yana yi wa mutanen ɗakin nan, bai kai wanda ya gani a idonta ba, kuma ya san ya cancanci hakan.

A barandar asibiti matarsa ta iske shi yana ƙoƙarin ɗaure hankicin da haƙori. Ta kama hannun ta buɗe, ta yi salati, ta tambaye shi me ya same shi. Ya ce faɗuwa ya yi wajen gudu.

"Kai ma dai, Saje," ta ce tana gyara masa ɗaurin. "Da girmanka kana guje-guje. Ai da ka tsaya abinka, tunda yaron ya san abin da yake yi."